Kafin ku sayi manhajar horar da ma'aikata, ku bi sawun takardar hutu

A ɗauki kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi mai hedikwata a cikin birnin Katsina, da rassa a Daura da Dutsin-Ma da Malumfashi da Funtuwa, ma'aikata kamar 120. Misali ne kawai, amma duk wanda ya san ofisoshin jihar nan zai gane hoton. Sunayen ma'aikata suna cikin Excel a kwamfutar jami'in mulki. Akwai wani jerin daban a wurin akanta wanda da shi ake biyan albashi, kuma in aka jera su biyun ba za su zo daidai ba. Takardar neman hutu daga Daura direban motar haya ake ba wa a tasha. Sanarwar kwas tana guruf ɗin WhatsApp, ta nutse tsakanin gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure. Yadda ake fitar da kaya daga sito kuwa yana cikin kan tsohon sitokifa, ranar da ya yi ritaya sai ya tafi da abinsa gida.

In manaja ya ce yana son dandali ɗaya da zai haɗa horo da tafiyar aiki, ya yi gaskiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da kiran ɗan kwangila ya zo ya haska manhaja a majigi, kowa ya yi tafi. Manhaja ita ce ta huɗu a layi. Kafin ita akwai rajista, akwai bin sawun takardu, sannan akwai shawarar da ta fi kowacce nauyi, wato a ɗaure izinin yin aiki da horon da mutum ya ci.

Rajista ɗaya tak ake so, kuma ofis ɗaya ne ke da ikon taɓa ta. Gurabenta ba su wuce 10 ba: lambar ma'aikaci, cikakken suna, lambar waya, reshe, sashe, kujerar da yake kai, kujerar da ke samansa, ranar kama aiki, irin ɗaukar da aka yi masa, da halin da yake ciki yanzu, ko yana bakin aiki, ko yana hutu, ko an dakatar da shi, ko ya bar aiki. Irin ɗauka na da muhimmanci don ɗan bautar ƙasa da ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki na wata 6 ba za a ba su abin da za a ba ma'aikacin dindindin ba.

Kada a yarda suna ya zama mabuɗi. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar ɗauka, Mohammed a banki, Mamman a bakin abokan aiki, kuma ba abin mamaki ba ne a sami Abubakar Sani uku a reshe guda. Lambar waya ma ba ta isa ba, layi yana ɓata, ana canza shi. A ba kowa lambar ma'aikaci wadda ba ta ɗauke da sunan reshe a jikinta, don in an yi masa canjin wurin aiki daga Malumfashi zuwa Daura lambar ta bi shi da tarihin horonsa. Kuma ko ya bar aiki ba a sake ba wa wani lambar.

Akwai gwaji guda da ya kamata a yi wa kowace manhaja tun a zaman farko. A rubuta Ɗanlami, Ƙanƙara, Ɗanmusa, Mai'aduwa da Sa'idu a cikin fom, a adana, a buga a takarda, a fitar zuwa Excel. In haruffa masu lanƙwasa suka dawo alamar tambaya, rumbun bayanan ba a kan UTF-8 yake ba, wato tsarin adana rubutu da ke gane irin waɗannan haruffa. In alamar ɗauri ta cikin Sa'idu ta sa fom ya ƙi tafiya, mai yiwuwa wanda ya rubuta manhajar bai tsare ƙofar rumbun ba, kuma ta wannan kafar ɓarayin intanet ke shiga. Sannan wurin bincike ya ɗauki D da Ɗ, K da Ƙ a matsayin abu ɗaya, domin yawancin mutane ba su da waɗannan haruffa a madannin wayarsu, za su rubuta Danlami su ce ba ya cikin rajista.

Bayan rajista sai bin sawu. Ba a ɗaukar duk ayyukan ofis lokaci guda. A zaɓi 3 da aka fi yawan yi kuma aka fi kuka da su. A irin wannan kamfani galibi hutu ne, da neman kuɗin ƙananan hidimomi, da karɓar sabon ma'aikaci. A shiga fayil a zaro takardu 20 na ƙarshe da aka gama a kowanne, a duba ranar da ke gefen kowane sa hannu. Nan za a ga inda takarda ke kwana. Sau da yawa cikin teburi 6 da take ratsawa, 2 ne kawai ke yanke wani abu, sauran suna rubuta "an gani" ne su tura gaba. In aka kwashe wannan layi yadda yake aka zuba a kwamfuta, jinkirin da ke kan tebur ne ya koma cikin waya. Masu "an gani" saƙon sanarwa ya ishe su, ba sai an jira su ba.

Takardar hutu, misali, matsayi 5 take buƙata: an rubuta, tana gaban shugaban sashe, tana gaban ofishin mulki, an amince, an mayar da dalili. Gurbin dalili dole ne a cike shi, in ba haka ba mutum zai ga an ƙi kawai, ya hau mota ya zo Katsina jin ba'asi, tafiyar kusan kilomita 80 daga Daura, an koma gidan jiya. Fom ɗin ya nuna wa mai nema sauran kwanakinsa tun kafin ya danna, ya kuma tambaye shi wa zai riƙe masa aiki.

Amincewa a ɗaura ta a kan kujera, kada a ɗaura ta a kan sunan mutum. In aka rubuta sunan manajan Funtuwa a cikin tsarin, ranar da ya tafi aikin Hajji takardun reshen duka za su tsaya wata guda, ko kuma ya bar wa mataimakinsa kalmar sirrinsa, wanda ya fi muni, don daga nan ba wanda zai iya cewa wa ya amince da me. Kowace kujera ta kasance da mai riƙon ƙwarya, da ranar farawa da ranar ƙarewa. A kuma sa agogo: takarda ta yi awa 48 na ranakun aiki ba a taɓa ta ba, a tura tuni, ta ƙara 24, ta haura kujerar sama. A ɓangaren kuɗi a yanka iyaka da lamba, ba da "ƙaramin kuɗi" ko "babban kuɗi" ba. Manajan reshe ya amince har zuwa adadi kaza, abin da ya haura ya zo hedikwata. Tsarin kuma ya hana wanda ya nema ya zama shi ne mai amincewa ko da kujerun biyu sun haɗu a hannunsa, ya riƙa kuma nuna wa odita in an raba buƙata ɗaya gida uku a rana guda don a kauce wa iyakar.

Yanzu ga dalilin da ya sa ake cewa dandali ɗaya, ba biyu ba. In kwas yana wata manhaja, aiki yana wata, horo zai zama abin da ake yi don satifiket. Mutum ya kalli bidiyo, ya ci jarrabawa, ya koma sito ya ci gaba da yadda ya saba. A dandalin da aka haɗa, takardar ƙa'idar aiki ita ce darasin, kuma cin darasin shi ke buɗe maɓallin. Sabon sitokifa zai shiga ya ga kayan da ke sito, amma maɓallin fitar da kaya ba zai yi masa aiki ba sai ya gama darasin fitar da kaya, ya ci tambayoyinsa, shugabansa kuma ya tsaya a kansa ya ga ya yi sau ɗaya da hannunsa. Haka kashiya da rufe lissafin yamma, haka mai sayar da maganin feshi da darasin ajiya da kariyar jiki.

Ana tsara wannan da tebur mai sauƙi, kujeru a jere ta gefe, darussa a jere ta sama, a sa alama inda ya wajaba. In kujera ɗaya ta tara darussan dole fiye da 6 ko 7, an cika mata kaya, a rage.

Kowace takardar ƙa'ida tana buƙatar mai ita, wato kujerar da ke da alhakin gyara ta, da lambar bugu, da ranar da ta fara aiki. In an canza yadda ake karɓar kayan da aka dawo da su, bugu na 3 ya maye gurbin na 2, dandalin ya aika wa masu wannan kujera kaɗai, ya nuna musu layukan da suka canza, ya ba su kwana 7 su karanta su amsa tambaya 2 ko 3. Tsohon bugun a ɓoye shi daga ma'aikata amma kada a goge, don in rigima ta tashi kan abin da ya faru watanni 5 baya, da ƙa'idar wancan lokacin za a yi hukunci. Darussan da suka shafi lafiya da gobara a sa musu wa'adi na wata 12, tuni ya fara fita saura kwana 30.

Wannan kulle yana da haɗarinsa, kuma shi ke kashe irin waɗannan tsare-tsare. Tirela ta iso Daura da taki, sitokifa ba shi da lafiya, yaron da ke wurin bai ci darasi ba. In tsarin ya ƙi buɗewa ƙememe, za a sauke kayan a rubuta a littafi, daga ranar kuma kowa ya gane ana iya aiki ba tare da dandalin ba. Gara a yi ƙofar gaggawa a fili: manajan reshe ya buɗe wa mutum izini na kwana 7, ya rubuta dalili, rahoton ya je hedikwata duk ƙarshen mako. Reshen da ke yawan buɗe wannan ƙofa shi ne ke da ƙarancin waɗanda aka horar, kuma an gane shi ba tare da an aika kowa bincike ba.

Darasin kansa kada ya wuce minti 5 zuwa 7, aiki ɗaya a darasi ɗaya. Lissafin data ya kamata a yi shi a takarda tun da wuri. Bidiyo mai ƙarancin kauri, irin na 360p a kan kilobit 600 a daƙiƙa, minti 5 nasa yana cin megabait 22 da ɗoriya. Murya zalla a kan kilobit 32 ba ta wuce megabait 1.2 a tsawon wannan lokaci. Darussa 20 na bidiyo sun kai megabait 440 ga mutum ɗaya, ga mutum 120 kusan gigabait 53 ke nan, kuma in ba a faɗi wanda zai biya ba, ma'aikaci ne zai biya daga aljihunsa, shi ya sa ba zai buɗe ba. Bidiyo a bar shi ga abin da sai ido ya gani, kamar jera buhuna a kan katako nesa da bango ko riƙe tukunyar kashe gobara. Sauran a yi murya da hotuna 5 ko 6. Murya da Hausa, a bakin wanda ya san aikin, ta fi rubutun Turanci shafi 10 isa ga direba da mai gadi da lebura. Sunayen fom da na maɓallai dai a bar su yadda suke a rubuce a allon, kada darasi ya kira abu da wani suna, manhaja ta kira shi da wani.

Tambayoyi a tara 30 ga kowane darasi, dandalin ya zaro 10 a hargitse, 8 ce makin ci. In tambayoyi 10 ne kacal kuma a jere ɗaya, kafin azahar amsoshin sun shiga guruf. Tambayar kuma ta zama ta yanayi: direba ya kawo buhu 598, takarda ta ce 600, me za ka fara yi? Wadda ke neman a haddace lambar sashe ba ta nuna komai.

Maganar sabis ba sai an tuna wa Bakatsine ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, cikinsu har da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma, rassa 3 cikin 4 na misalinmu. Ko ba irin wannan ba, sabis yana ɗaukewa a ƙauyuka kullum. Don haka darasi ya zama ana iya sauke shi a waya a kalla ba intanet, fom ya zama ana iya cike shi a ajiye har sabis ya dawo. Sai dai a nuna wa mutum ƙarara bambancin "an ajiye a wayarka" da "ya isa ofis", in ba haka ba zai rantse ya aika, ofis ya rantse bai gani ba, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Amincewar kuɗi kuwa kada a bari a yi ta ba sabis, don mutum biyu na iya amincewa da abu ɗaya. Ga ranar da komai ya tsaya, kowane reshe ya ajiye littafin fom mai lambobi a jere, a shigar da su cikin kwana 2 da dawowar sabis. Gwaji kuma a yi shi a kan ƙaramar Itel ko Tecno da ma'ajiyarta ta kusa cika, ba a kan wayar oga ba.

Wani ɗan abu da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne saƙon tes. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ɗaya ta shiga ciki sai ya koma 70, saƙon da ake biya sau ɗaya ya zama sau 3. A saƙon tuni kaɗai ana iya haƙura da lanƙwasa.

Sai yanzu aka zo kan manhaja. Kamfani mai mutum 120 bai kamata ya sa a rubuta masa komai daga tushe ba, domin ranar da yaron da ya rubuta ya sami aiki a Abuja, shi ke nan. Moodle, wadda Martin Dougiamas na Ostareliya ya fitar a 2002, kyauta ce, tana da rumbun tambayoyi da bin diddigin wanda ya gama, kuma manhajarta ta waya tana sauke darasi. ERPNext ta kamfanin Frappe na Indiya da Odoo ta Beljiyam suna da sito da lissafi da tsarin amincewa mataki-mataki, kowacce kuma akwai ɓangaren darussa da ake haɗa mata, ko da yake bai kai na Moodle zurfi ba. In darussan gajeru ne, zama cikin gida ɗaya ya fi sauƙi, tun da rajistar ɗaya ce dama. In an haɗa biyu, to bayani ya riƙa gangarowa ta hanya ɗaya: sunaye da kujeru daga rajista zuwa wurin darasi, sakamako daga wurin darasi zuwa wurin izini. Shiga kuma da kalmar sirri ɗaya, ta hanyar irin su Keycloak, manhajar da ke haɗa shiga wuri ɗaya, ko asusun Google ko Microsoft na kamfanin. In za a sayi darasi daga waje a tambaya ko yana kan tsarin SCORM, wato ƙa'idar shirya darasi da yawancin manhajojin horo ke karɓa, don ya zauna a duk manhajar da aka koma gobe.

Ajiye sabar, wato kwamfutar da dandalin ke zaune a kai, a ofis yana da daɗin faɗa, amma a lissafa wutar KEDCO, da man janareta, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Hayar sabar a intanet mai ƙwaƙwalwa gigabait 4 zuwa 8 ta ishi wannan adadi. Kwafin ajiya 3 ake so, a wuri iri 2, ɗaya nesa da ofis, kuma duk wata 3 a gwada dawo da shi a ga ya tashi, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba sau da yawa fanko ne. Sunan shafin da asusun hayar sabar a yi musu rajista da sunan kamfani da imel ɗin kamfani, a rubuta haka cikin yarjejeniya. In suna hannun ɗan kwangila, ranar da aka saɓa kan kuɗi da shi za a nemi sulhu ko ana so ko ba a so.

Doka ma tana da kujera a wannan zama. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta shafi bayanan ma'aikata, kuma in an yi kutsen da zai iya cutar da su, awa 72 ake da su a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Saboda haka kada a tara abin da ba a buƙata. Lambar NIN da BVN da takardar asibiti ba su da aiki a wurin darasi. Shugaban sashe ya ga cewa yaronsa yana hutun rashin lafiya, ba sai ya ga ciwon ba. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa, wannan sai ya zama mataki mai agogo a cikin tsarin karɓar sabo. Kamfanin da ke biyan asusun horar da ma'aikata na gwamnati, ITF, kashi 1 cikin 100 na albashin shekara yana iya neman a mayar masa har rabin abin da ya biya in ya kawo shaidar horo, don haka rahoton dandalin ya riƙa fitar da wanda aka horar, a kan me, yaushe, nawa aka kashe. Ranar barin aiki kuma, canza matsayi a rajista shi kaɗai ya rufe duk ƙofofi a take. Tsohon ma'aikacin da asusunsa ke buɗe wata 6 bayan tafiyarsa ya fi ɗan kutse na waje haɗari.

Farawa a yi ta a reshe ɗaya, mako 6, da ayyukan nan 3 da darussa 5. Daura ta dace da gwaji, tana da nisan da za a ji ciwon takarda, tana da kusancin da za a je a dawo a yini. A zaɓi mutum ɗaya a reshen, ba lallai manaja ba, wanda dama shi ake kai wa waya in ta rikice, a ba shi data da ɗan alawus. Kada a fara a watan Mayu ko Yuni lokacin da manoma suka yi layin taki, kada kuma a fara a goman ƙarshe na azumi. Abin da za a auna 3 ne: kwana nawa takardar hutu ke yi a da da yanzu, sau nawa aka buɗe ƙofar gaggawa, da yawan giɓin da ake samu a ƙidayar sito. Yawan waɗanda suka "shiga dandali" lamba ce mai daɗin nunawa a taro, ba ta faɗin ko aiki ya gyaru.

Bayan mako 6 a sa ranar daina karɓar takarda, a sanar saura mako 2, kuma babban manaja ne zai fara mayar da takardar da aka kawo masa da hannu, ko ta wane ce. In ya sa hannu a guda ɗaya don kunya, washegari 10 za su zo. Kalandar dandalin kuma a bar ta a hannun ofishin mulki su iya gyarawa da kansu, domin hutun Sallah sai an ga wata, gwamnati kan sanar da shi saura 'yan kwanaki, ga tashin wuri na Juma'a da sauyin lokacin aiki a azumi. In ba a shigar da su ba, agogon awa 48 zai ci gaba da ƙirgawa ranar hawan Sallah, a dawo aiki a tarar takardun kowa sun haura teburin babban manaja.